Amsar da Na Ba Kyaftin a Bakin Ƙofa

Ban taɓa ganin jikata tana buga ƙwallon raga ba. Gara in faɗi wannan tun yanzu, kada wani ya ɗauka masanin wasa ne ke ba da labari. Zauren na 'yan mata ne, maza ba sa shiga, iyakarmu inuwar bango a waje. Duk abin da na sani game da wasan ta kunne ya shigo mini: tim, tim, sai usur, sai ihun yara. Sau uku na zauna a waccan inuwar ina jiran ta, a na ukun na yi ɓarnar da zan faɗa.

Ni direba ne. Kayan miya nake ɗauka daga kasuwar Aziziya ina raba wa shaguna da gidajen abinci, a wata farar mota mai rufi wadda ko da turare aka wanke ta albasa take wari. Na haura shekara talatin a Riyad. Karatuna aji uku ne na firamare a ƙauyenmu can ƙasar Gumel, shi ma rabinsa a durƙushe na yi shi a bakin ƙofar aji, saboda bakina ba ya rufuwa. Larabcina na kasuwa ne. Na iya "kawo", na iya "sauke", na iya "matsa can", na kuma iya zagi kala-kala. Wannan rubutun ma da yatsa ɗaya nake lallaɓa shi a waya, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

'Yata ta fari nas ce a wani asibiti a nan. Bayan rasuwar mijinta ta samu aikin, ta zo da 'yarta tana da shekara huɗu, suka kama gida a Nasim. 'Yar fari ce, saboda haka ba na kiran sunanta, ba na doguwar hira da ita, ba na ma son a kama ni ina kallon ta. Duk abin da kunya ta hana ni yi da uwar, sai na huce shi a kan jikar.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda kaka da jika suke. Kakata ta wajen uba har ta koma ga Allah ban ji ta yabe ni ba. In na kawo mata itace sai ta ce, “Ga ɓarawon nan ya dawo, ku ɓoye ƙwaryar fura.” Kuma duk garin an san ba ta da abin so kamata. Da zagi ake nuna ƙauna tsakanin kaka da jika. Akwai kuma wani dalilin da ba a cika faɗa ba: yaron da ake yabo a gaban mutane, baki ake jawo masa. Ka rage masa daraja a fili, sai idon mutane ya wuce shi.

To haka na reni yarinyar nan. Zanƙaleliya nake ce mata, don tun tana shekara goma sha biyu ta kere ni tsawo. Ita kuma in tana neman wani abu sai ta ce Jaddi, yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran kakansu, in ba ta neman komai kuwa Tsoho Mai Albasa ne sunana. Larabci ya fi zama a bakinta. Hausarta a gurguje take, amma wajen tsiya ba ta tuntuɓe, don a wurina ta koya.

“Zanƙaleliya, sunkuyo kada ki fasa musu fanka.”

“Kai dai ka tsaya nesa, Tsoho, idona ya fara hawaye.”

Malamar motsa jiki ta makarantarsu ce ta ce mata tsawon nan bai kamata ya tafi a banza ba, ta nemi kulob. Lokacin tana da shekara goma sha biyar. Abin da ya sa maganar ta yi zafi shi ne, wannan ce shekara ta ƙarshe da za ta iya shiga rukunin ƙanana. In ta wuce, rukunin manya ba sa ɗaukar wadda ba ta taɓa buga wa wata ƙungiya ba. Ita ta san haka, uwarta ta san haka, ni ma an gaya mini har sau biyu, a hankali, yadda ake yi wa kurma bayani.

Wurare biyu ta ware bayan ta gama tone-tonenta a waya. Na farkon a Unguwar Ofisoshin Jakadanci yake. Uwarta na wurin aiki, ni aka ɗora wa kai ta. Muka isa ƙofar unguwar, mai gadi ya leƙa bayan motar, ya ga kwandunan tumatir da ganyen kabejin da ya zube, ya tambaye ni takardar izinin shigar da kaya. Na ce ba kaya na kawo ba, 'yar wasa na kawo, ga ta nan, ita ma dai a kilo ake auna ta. Bai yi dariya ba. Ya nuna mini inda zan juya. Ita kuwa ta zame cikin kujera har gwiwoyinta suka tokare gaban motar. A hanya ta ce ko da an bar mu mun shiga yau, ba za ta yarda a riƙa wannan wasan kwaikwayo sau huɗu a mako ba.

Saura na biyun, a Nasim, ba nisa da gidansu. Wannan kulob ne na gaske, suna shiga gasa, suna zuwa wasu garuruwa. Matsalarsa ɗaya: yawancin guraben na 'yan ƙasa ne, na 'ya'yan baƙi irinmu masu iƙama, wato takardar izinin zama, kaɗan ne, kuma a bana guda ɗaya tak ya rage. Kwana uku za a yi ana gwaji, kullum bayan la'asar.

Ranar farko na kai ta a kan lokaci. Na zauna a inuwa tare da iyaye maza da direbobin gidaje, kowa da wayarsa. Da ta fito, hannuwanta daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu sun yi jawur, sun kumbura, amma bakinta ya ƙi rufuwa don murna.

“Jaddi, kyaftin ta ce tsallena ya fi na kowa.” Kyaftin suke kiran matar da ke horar da su.

“Kwaɗo ma yana tsalle, ban ji an ba shi riga ba.”

“Hassada ce. Kai ko matakala ba ka iya hawa.”

Ta yi ta dariya har gida. Ni kuma a zuciyata ina karanta mata duk addu'ar da na iya.

Rana ta biyu ni na makarar da ita. Ba wani uzuri. Na gama rabon kaya da wuri, na tsaya wurin mai shayi a Aziziya inda Hausawa direbobi ke zama, na tarar da wani Bakano da wani Bazazzage suna tsiyarsu ta gado. Na shiga da sunan rabon faɗa, na riƙa ƙara musu wuta. Wayata tana cikin mota tana ta ruri ban ji ba. Da na farga, na same ta tsaye a ƙofar gidansu da jakarta a kafaɗa, ta fi rabin awa a cikin ranar nan. Ba ta zage ni ba. “Yalla, Jaddi, yalla,” wato in yi sauri, shi ke nan abin da take faɗi, tana kallon agogo. Cunkoso ya riƙe mu. Muka isa an gama ɗumama jiki har an raba su gida biyu. Daga baya na ji cewa da kyaftin ta tambaye ta dalili, haƙuri kawai ta bayar, ba ta ambace ni ba.

Rana ta uku aka yi tankaɗe. Yara suka riƙa fitowa rukuni-rukuni, wasu da kuka, wasu da tsalle, motoci suna tafiya, har inuwar ta rage daga ni sai wani Basudane mai farin rawani. 'Yarsa da jikata ne suka rage a kan gurbin nan ɗaya. Tun ranar farko na ƙullaci mutumin nan a raina, don ya kalli jikata ya ce, “Kai, wannan tsawo!” bai ko haɗa da masha Allah ba.

Can sai kyaftin ta fito bakin ƙofa, abaya a kan kayan wasanta, usur a wuya, allo da takarda a hannu. Ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta ce tana so ta yi magana da waliyyan yaran biyu kafin ta yanke hukunci. Ta fara da Basudanen.

Ban taɓa jin uba ya yi abin da mutumin nan ya yi ba. Kamar maroƙi. 'Yarsa tana tashi da asuba, tana gudu a soron gida, ba ta taɓa fashin makaranta ba, shi da kansa zai riƙa kawo ta ko da zai bar aiki. A gaban baƙi, da rana tsaka. Na ce a raina, wannan bawan Allah ba shi da kunya, kuma yana kashe 'yarsa da bakinsa. Har tausayin yarinyar na ji.

Kyaftin ta juyo gare ni. Ta sassauta Larabcinta don in gane, ta kira ni ya ammi, wato baffa.

“Ya ammi, jiya ta makara sosai. Me ya faru?”

Gaskiyar ta zo har kan harshena, ba zan ɓoye ba. Amma ga ni da furfura, a gaban mace sa'ar 'yata, a gaban Basudanen nan, in ce shayi na tsaya sha? Kuma bakina ya riga ya san wata hanya da ya shekara goma yana bi, ba sai na tuƙa shi ba.

Na ce, “Barci. Wannan in ta kwanta sai an kira motar kashe gobara.”

Na yi dariya. Basudanen ya ɗan murmusa. Kyaftin ta rubuta wani abu.

“Horo kwana huɗu ne a mako. Za ta iya jurewa?”

“In akwai abinci a wurin za ta zo. Kaslana ce ta gaske.” Kaslana, wato raguwa. Kalmar da nake jifan 'yan dako da ita kullum a kasuwa, su rama, mu yi dariya.

“Na ga ta ɗaure gwiwa. Tana da ciwo ne?”

Uwarta ce ta ɗaure mata don kariya. Bara gwiwar ta ɗan yi mata tsami na mako ɗaya ko biyu, irin na yara masu saurin tsawo, ya wuce. Na san haka sarai.

Na ce, “Gwiwarta ta fi tawa tsufa. Kullum uwarta na cikin shafa mata magani.”

Sai ta ɗago ta dube ni sosai. “Da gaske kake, ya ammi?”

Ƙofa ce ta buɗe mini, yanzu na gane. A wajenmu in aka yi maka wannan tambayar, ƙarawa ake yi, a nan daɗin wasan yake. Ban ce wallahi ba, wannan kaɗai nake da shi na kare kaina gobe. Amma na gyaɗa kai. Ta sake rubutawa, ta yi mana godiya, ta ce za a turo saƙo.

Ƙofar zauren ta gilashi ce mai duhu, ana ganin waje daga ciki, ba a ganin ciki daga waje. Da kyaftin ta tura ta, sai ga jikata tsaye a bayanta da jaka a hannu.

Ku yarda da ni, har muka shiga mota ina ganin aikin kirki na yi. Na kare ta daga baki, na nuna wa Basudane yadda mutanen kirki ke yi. Na tayar da mota na ce, “Zanƙaleliya, yau nawa kika fasa musu fitila?”

Ta juya fuskarta wajen taga. Muka wuce danja biyu.

Ta fara magana da Larabci, da sauri, ban kama rabinta ba. Sai ta tsaya, ta koma Hausa, tana ɗauko kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

“Jaddi, waɗannan ba 'yan gida ba ne.”

“Ai wasa ne. Kowa ya san wasa ne.”

“Ita ba ta sani ba. Ta rubuta. Na ga ta rubuta.”

“In dai malama ce ta gaske, ai ta ga wasanki da idonta.”

“Ni ban faɗa mata kai ne ba,” ta ce. “Jiya. Ban faɗa ba.”

 

Washegari bayan azahar saƙo ya shigo wayar uwarta. Sun gode da zuwanta, suna yi mata fatan alheri. An ɗauki ɗayar.

Da yamma 'yata ta kira ni in zo. Ta shimfiɗa mini darduma a falo, ta kawo ruwa, ta zauna can gefe kanta a sunkuye kamar kullum. Ƙofar ɗakin yarinyar a rufe.

“Baba, me ka faɗa musu?”

Na maimaita mata. Abin mamaki, da na faɗe shi da Hausa a cikin ɗaki, ya fito da daɗinsa, har na ji dariya na neman taso mini. Na danne ta.

'Yar tawa ta ƙara sunkuyar da kai. Sannan ta ce, “Baba, ni na san abin da kake nufi, don a cikinsa na tashi. Ban taɓa jin ka yabe ni ba, kuma ban taɓa zaton ba ka so na ba. Amma ita a nan ta girma. Tana ganin iyayen ƙawayenta suna ɗaukar su hoto, suna faɗin alherinsu a gaban kowa. Wasanku tana son sa, a cikin gida. Jiya kuwa shaida aka neme ka ka bayar.”

Tunda aka haife ta ba ta taɓa jera mini magana mai tsawon wannan ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɗaga kai ba. Na sha ruwan na tashi.

Kwana biyu ina haɗa kalmomin Larabci a mota, ina gwadawa da ƙarfi a danja har na kusa da ni suna leƙe. Ranar horonsu na farko na sa babbar rigata ta Juma'a, na je na tsaya a bakin ƙofar nan ni kaɗai, na roƙi matar da ke gadin wurin ta kira mini kyaftin. Ta fito, ta gane ni.

Duk abin da na haɗa ya watse. Na ce mata ni ne na makara, ba ita ba. Ni ne kaslan. Gwiwa lafiya lau, uwarta nas ce, a tambaye ta, a kawo likita. Yarinyar tana tashi kafin kowa. Ina magana ina bugun ƙirjina kamar mai cinikin dankali.

Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta yi mini bayani a hankali. A fili, ta ce, yaran biyu kusan ɗaya suke. Tawa ta fi tsalle da ƙarfin duka, ɗayar ta fi natsuwa wajen karɓar ƙwallo. Da ta kasa raba su a fili, sai ta fito ta raba su a gida: wa zai zo a kan lokaci, wa ke da lafiya, wa ke da mutum a bayanta. An aika sunaye wurin rajista tun jiya, ba a canzawa.

“Baɗi fa?”

“Baɗi ta wuce shekarun. Ka sani ai.”

Na sani.

Har ta juya, sai ta dawo. “Ya ammi, me ya sa ka faɗi abin da ba haka ba ne?”

Na nemi yadda zan fassara mata kakata da ƙwaryar fura, da bakin mutane, da rawanin Basudane, da kunyar da ta hana ni cewa shayi na tsaya sha. Larabcin kwando da sikeli ba ya ɗaukar wannan kaya. Na ce, “Don ina son ta ne.”

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda rana ta taɓa wa kai. Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta koma ciki. Kafin ƙofar ta rufe na ji an fara buga ƙwallo.

Jikata ba ta yi gaba da ni ba. Da ma ta yi. In na je gidan tana gaishe ni a ladabce, tana kawo mini abinci, tana tambayar ya aiki, kamar baƙon da uwarta ta ce a girmama. Na gwada tsokanar ta sau biyu ko uku, ta yi murmushi ta ce, “To, Kaka.” Na ba ta haƙuri da baki, ta ce ba komai, ya wuce. Yanzu ranar Asabar tana shiga jirgin ƙasan cikin gari ita kaɗai, ta je wani zaure inda mata ke haɗuwa su buga don motsa jini, ba koci, ba gasa, ba riga mai lamba. Na ce in riƙa kai ta, ta ce in huta.

Wajen wata uku bayan nan na haɗu da Basudanen a gidan mai. Shi ya gane ni, ya taho da fara'a, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce ƙungiyar za ta je gasa wani gari mako mai zuwa, 'yarsa tana ciki. Sannan ya rage murya, cikin tausayi na gaskiya, ya tambaye ni ya gwiwar yarinya. Ya ce ya san wani likitan ƙashi mai kyau, in ina so ya ba ni lambarsa.

Na ce masa gwiwarta lafiya lau. Na ce ba ta taɓa makara a kan komai ba. Na ce kyaftin da bakinta ta ce tsallenta ya fi na kowa a zauren, har da 'yarsa, kuma tunda nake ban ga yarinya mai zuciya irin tata ba. Da ƙarfi na faɗa, a gaban masu zuba mai da motocin da ke layi.

Ya saki hannuna. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce Allah ya kyauta, ya shiga motarsa ya tafi.